Yarjejeniyar da Ta Ɗaure Mai Saye Ta Saki Farashi: Nazari a kan Ƙarin Kuɗin Waya da Intanet a Birtaniya

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen watan Maris da farkon Afrilu na shekarar 2023, miliyoyin mutane a ƙasar Birtaniya suka wayi gari kuɗin da suke biya duk wata na wayar hannu da na intanet ɗin gida ya ƙaru da kashi 14.4 cikin ɗari. Wasu ma nasu ƙarin ya kai kashi 17.3. Da yawa daga cikinsu suna tsakiyar yarjejeniya ce ta shekara biyu da kamfanoninsu, kuma duk wanda ya ce ƙarin ya yi masa nauyi zai fita, sai aka nuna masa tarar da zai biya kafin a sake shi. Ba a karya wata doka ba a cikin wannan al'amari. Kowane ɗaya daga cikinsu ya sa hannu a kan takardar da ta halatta abin da aka yi masa.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aka kai ga haka. Za a duba abubuwa guda biyu da galibi akan tattauna su dabam dabam, watau ƙarin farashi a tsakiyar yarjejeniya da kuma tarar fita kafin wa'adi, domin a nuna cewa ɗayansu ba ya aiki sai da ɗayan. Kuɗin da za a yi lissafi da shi fam ne na Ingila, kuma an yi amfani da kalmar kwabo wajen kiran ƙaramin kuɗinsu, wanda guda 100 ke yin fam ɗaya.

2.0 Yanayin cinikin

Mai karatun da ya saba da sayen katin waya yana bukatar ɗan bayani tukuna. Mai sayen kati yakan biya ne kafin ya yi amfani, in kuɗin ya ƙare ya sake saye, in kuwa kamfani ya tsawwala sai ya jefar da layin ya nemi wani. Babu abin da ya ɗaure shi. A Birtaniya akwai irin wannan ciniki, amma wanda ya fi yawa shi ne na biyan wata wata bisa yarjejeniya. Mutum zai yi alkawarin zama da kamfani tsawon wata 12, ko 18, ko 24, yana biyan wani adadi duk wata. Shi kuma kamfani zai ba shi layi, sau da yawa har da wayar kanta, ko kuwa ya jawo masa intanet cikin gida ya ba shi na'urar rarraba shi. Doka ta hana wa'adin ya wuce wata 24. Haka kuma wanda ya ƙulla cinikin ta waya ko ta intanet yana da kwana 14 da zai iya fasawa. Bayan wannan kuwa, ya shiga ke nan.

Dalilin wa'adin ba ɓoyayye ba ne, kuma yana da hujja. Kamfani yana kashe kuɗi tun ranar farko, wajen haɗa layi da ba da na'ura da rangwamen da ya yi don ya jawo mutum, saboda haka yana bukatar tabbacin cewa zai mai da abin da ya kashe. Abin da mai saye yake tsammanin samu a madadin wannan ɗauri shi ne kwanciyar hankali a kan farashi. A fahimtar kowane mai hankali, in an ce fam 30 duk wata har shekara biyu, to, fam 30 ɗin ne. A nan ne matsalar take, domin siffar nan ta Ingilishi mai ma'anar "tsayayye", wadda ake tallan yarjejeniyar da ita, wa'adi take siffantawa. Ba ta taɓa farashi ba. Mai saye yakan ji ta ya ɗauka ta haɗa duka biyun, kuma an daɗe ba a ga wanda ya damu ya gyara masa fahimta ba.

3.0 Tarar fita kafin wa'adi

Lissafin tarar ba shi da wuya. Ana ɗaukar kuɗin wata a ninka shi da yawan watannin da suka rage, sa'an nan a cire abin da kamfani zai huta da kashewa saboda ya daina yi wa mutum hidima. Ƙa'idar da Ofcom, watau hukumar da ke kula da harkokin sadarwa a ƙasar tun 2003, ta shimfiɗa ita ce kada tarar ta wuce abin da mutum zai biya da ya zauna har ƙarshe. Amma nawa ne kamfani yake hutawa da kashewa? Shi kansa kamfanin ne ya san wannan, shi ne kuma yake yin lissafin. Wajen wayar hannu musamman, abin da ake cirewa ɗan kaɗan ne, har ya zama fita da zama kusan kuɗinsu ɗaya.

Ko wannan lissafin ma ba kullum ake yin sa daidai ba. A watan Nuwamba na 2018 Ofcom ta ci kamfanoni biyu tarar fam miliyan 13.3 a kan wannan batu. Virgin Media ya biya miliyan 7 saboda ya karɓi fiye da abin da ke cikin yarjejeniya daga wajen mutum kusan 82,000. EE kuwa ya biya miliyan 6.3, domin ya shafe shekara shida yana yi wa masu rangwame lissafin fita kamar ba su da rangwamen, abin da ya shafi mutum wajen 400,000. Abin lura shi ne yawancin waɗanda aka cuta ba su san an cuce su ba, saboda ba su da ma'aunin da za su gwada lissafin da shi.

Akwai ƙofofi 'yan kaɗan da mutum zai fita ba tara. Alal misali, tun watan Maris na 2019 manyan kamfanonin intanet sun amince cewa idan saurin layi ya gaza mafi ƙarancin abin da aka yi alkawari, kuma aka kasa gyarawa cikin kwana 30, mai saye yana iya tafiya. Amma ƙofar da ta fi muhimmanci ita ce ta canjin farashi, kuma a kanta aka yi ta kokawa fiye da shekara goma.

4.0 Daga debewa zuwa tarawa

Ɗaura kuɗin waya a kan hauhawar farashin kaya ba sabon abu ba ne a Birtaniya, sai dai asalinsa ya saɓa da abin da ya koma. A 1984 gwamnati ta sayar wa jama'a fiye da rabin hannayen jarin kamfanin tarho na ƙasa, British Telecom, wanda a yau ake kira BT. Da yake a lokacin kusan shi kaɗai ne a kasuwa, sai aka ji tsoron kada ya yi wa mutane yankan wuƙa. Farfesa Stephen Littlechild na Jami'ar Bamingham ya ba da shawara a 1983 cewa a ƙayyade masa ƙari ta hanyar ɗaukar ma'aunin hauhawar farashi a debe wani adadi. Aka fara da debe 3, a 1989 aka mai da shi 4.5, a 1993 ya kai 7.5. Ma'anar wannan ita ce in kayan masarufi sun hau da kashi 5, kuma adadin debewa 3 ne, to, kuɗin tarho ba zai hau da fiye da kashi 2 ba. Hikimar ita ce fasahar sadarwa kullum araha take ƙara yi, don haka wajibi ne mai saye ya sami rabonsa daga wannan sauƙi. An ci gaba da haka har 2006, lokacin da Ofcom ta janye takunkumin bisa hujjar cewa gasa ta wadata a kasuwa, ita za ta tsare farashi.

Shekara goma sha huɗu bayan haka, a shekarar 2020, wannan kamfani na BT tare da rassansa EE da Plusnet suka shigo da sabon sharaɗi, cewa duk shekara kuɗi zai ƙaru da ma'aunin hauhawar farashi a tara da kashi 3.9. Lissafin nan dai ne na 1984, amma alamar debewa ta rikiɗe ta zama ta tarawa. Ba a jima ba Vodafone ya ɗauki 3.9 ɗin, O2 ya ɗauka, Three ya bi sahu daga baya, TalkTalk kuwa ya tsaya a 3.7. Kasuwar da aka ce gasa za ta tsare ita ce manyanta suka taru a kan lamba kusan guda, kuma mai neman gudu daga wannan sharaɗi ya rasa inda zai nufa sai ƙananan kamfanoni.

5.0 Dokar 2014 da ɓarakar da ke cikinta

Kafin a kai ga 3.9, sai da aka bi ta wani mataki. A wajejen 2011 da 2012 kamfanonin wayar hannu sun riƙa ƙara kuɗi a tsakiyar yarjejeniya ba tare da sun faɗa tun farko ba. Dokar lokacin ta ba mutum damar fita ne kawai in canjin ya yi masa "illa mai yawa", kuma kamfani ne ke yanke hukuncin ko illar ta yi yawa. Ƙungiyar kare masu saye mai suna Which? ta ta da ƙura a 2012, da taken da ke nufin abin da aka ce tsayayye ne ya tsaya. A watan Janairu na 2014 wata ƙa'idar Ofcom ta fara aiki, wadda ta ce duk ƙarin da aka yi a kan kuɗin wata wanda mutum bai amince da shi ba ranar ƙulla ciniki, to, dole a ba shi sanarwar wata guda, a kuma bar shi ya fita ba tara.

A lura da kalmomin "bai amince da shi ba". Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da abin da aka hana shi ne ƙarin da ba a amince da shi ba, sai kamfanoni suka rubuta ƙarin a cikin yarjejeniyar tun farko. Mutum ya sa hannu, ya amince ke nan, ƙofar fita kuma ta rufe. Da fari ma'aunin hauhawar farashi kaɗai ake rubutawa, kuma a shekarun da yake kashi 2 ko 3 ba wanda ya kula sosai. Dokar da aka yi don hana ƙari sai ta zama ita ta koya wa kamfanoni yadda za su yi shi cikin tsari, kowace shekara ba fashi.

To, amma me mutum ya amince da shi? Ya amince da wata lamba ce da babu wanda ya san ta a ranar, har shi kamfanin. Ma'aunin ma iri biyu ne. Akwai CPI, wanda gwamnati ke auna hauhawar farashi da shi a hukumance, akwai kuma RPI, tsohon ma'auni wanda aka tuɓe wa matsayin ƙididdigar ƙasa a 2013 saboda kurakuran da ke cikin lissafinsa, kuma galibi ya fi CPI hawa. O2 da Virgin Media da shi suka yi aiki. Binciken da Ofcom ta yi ya nuna fiye da rabin masu sayen ba su san abin da waɗannan haruffa suke aunawa ba. Cinikin biri a sama ke nan, an kuma rubuta shi a takarda an sa hannu.

6.0 Shekarar 2023

Abin da ya tona asirin tsarin shi ne tsadar da ta biyo bayan annobar korona da yaƙin Yukiren. A watan Oktoba na 2022 hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1, abin da ba a gani ba cikin shekara 41. Kamfanoni masu aiki da CPI suna ɗaukar lambar watan Disamba, wadda ta zo 10.5, aka tara da 3.9 ya ba da 14.4. O2 ya ɗauki RPI na Janairun 2023, watau 13.4, ya tashi 17.3 a kan kuɗin kira da data.

Bari a ɗauki misali na ƙiyasi. A ce magidanci ya ƙulla yarjejeniyar intanet ta wata 24 a watan Oktoba na 2022 a kan fam 30. Bayan wata shida kuɗinsa ya koma fam 34 da kwabo 32. A 2024 aka sake ƙara kashi 7.9, kuma a kan sabon kuɗin ake ɗora shi, don haka ya zama fam 37 da kwabo 3. Kafin wa'adinsa ya cika yana biyan kusan kashi 23 fiye da abin da ya gani a talla. In kuwa ya ce zai fita a Afrilun 2023, saura masa wata 18, kuma 18 sau fam 34.32 ya kama fam 617 da kwabo 76 kafin a cire ɗan abin da za a cire. Zai biya ɗaruruwan fam ke nan don ya tsere wa ƙarin fam huɗu da 'yan kai a wata. Gaba kura, baya sayaki. Daɗin daɗawa, ƙarin ya kumbura tarar ita kanta, tun da da sabon farashi ake lissafa ta.

A nan ne dangantakar abubuwan biyu take bayyana sarai. Da babu tara, kamfanin da ya ƙara kashi 14 zai ga mutane suna watsewa, wannan tsoro kuma zai sa ya yi hattara. Da kuma babu ƙari, tarar ba za ta zama zalunci ba, domin alkawarin da mutum ya ɗauka da idonsa buɗe kawai take tsarewa. Haɗuwarsu ce ta haifar da yarjejeniyar da ɓangare ɗaya ke ɗaure, ɗayan yana sake.

Kamfanonin suna da tasu hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ce suna zuba biliyoyin fam wajen shimfiɗa wayoyin gilashi masu ɗaukar intanet da kafa turakun 5G, yawan datar da mutane ke sha yana ƙaruwa kowace shekara, kuɗin lantarki da albashi kuma sun hau musu kamar yadda suka hau wa kowa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai tambayar ita ce wa ya fi cancanta ya ɗauki kasadar abin da gobe za ta kawo: kamfanin da ke da masana tattalin arziki a ofishinsa, ko kuwa tsohuwar da ke zaune a kan fansho? Bugu da ƙari, sau da yawa kamfanin da ya ce tsada ta tilasta masa ƙari shi ne yake tallata wa sabon mai shigowa irin wannan layi a farashi mai sauƙi. Wanda aka riga aka kama shi ne ke biya.

7.0 Fam da kwabo

Ofcom ta fara bincike a watan Fabrairu na 2023, ta yanke hukunci a Yuli na 2024. Daga ranar 17 ga Janairu, 2025, an haramta ɗaura ƙari a kan hauhawar farashi ko a kan kashi cikin ɗari a duk sabuwar yarjejeniya. Kamfanin da ke son ƙari dole ya faɗe shi ƙarara da fam da kwabo, ya kuma faɗi watan da zai fara, tun kafin a sa hannu. Tsofaffin yarjejeniyoyi an bar su da tsohon sharaɗinsu har su ƙare. Ya kamata a fahimci cewa hukumar ba ta hana ƙarin ba, ba ta kuma yi masa iyaka ba. Rashin sani kawai ta yi wa magani.

Maganin ya zo da nasa ciwo. BT da EE suka sa fam 3 a wata ga intanet ɗin gida, fam 1 da kwabo 50 ga wayar hannu, O2 ya sa fam 1 da kwabo 80. Adadi ne guda ga mai ƙaramin layi da mai babba. Fam 1.80 a kan mai biyan fam 10 kashi 18 ne, a kan mai biyan fam 50 kuwa kashi 3.6 ne kacal. Kashin dankali ke nan, ƙarami ne a ƙasa. Har ila yau, dokar ta zo ne bayan tsadar ta lafa. CPI na Disambar 2024 kashi 2.5 ne, watau da tsohon tsari ƙarin 2025 zai tsaya a 6.4. In aka yi lissafi za a ga duk mai biyan ƙasa da fam 47 na intanet ya fi cutuwa da fam 3 ɗin nan a kan tsohon tsarin da aka kore. Kafin shekarar ta ƙare ma BT da EE sun ɗaga adadin zuwa fam 4 da fam 2.50 ga sababbin masu shiga.

Ɓaraka ta biyu ta fi wannan daɗewa. Kamfani yana iya ƙin rubuta kowane adadi, ya ce dai farashi na iya canjawa, in ya canja sai ya ba mutum kwana 30 ya fita ba tara. Sky ya daɗe a kan wannan hanya wajen intanet ɗin gida. A watan Oktoba na 2025 O2 ya haɗa hanyoyin biyu. Mutanen da ya rubuta wa fam 1.80 sai ya sanar da su cewa fam 2.50 za a ƙara musu daga Afrilun 2026, ya kuma ba su kwana 30 ɗin da doka ta ce. Ofcom ta ce abin ya ba ta takaici, ya kuma saɓa wa manufar dokar, amma ba ta ce an karya ta ba.

A zahiri kwana 30 dama ce, kuma canjin kamfani ya yi sauƙi ƙwarai a kan da, tun da daga 2019 saƙon tes guda ya isa mutum ya karɓi lambar da zai ƙaura da layinsa. Amma kwanakin suna fara ƙirguwa ne daga ranar da saƙon sanarwa ya iso, a cikin tarin saƙonnin talla da mutum bai saba buɗewa ba, wata biyar kafin ƙarin ya taɓa aljihunsa. Wanda ya karɓi waya bashi tare da layin kuma, ko ya fita sai ya ci gaba da biyan kuɗin wayar. Wanda bai farga ba sai da ya ga takardar kuɗin Afrilu, zai tarar ƙofar ta rufe tun kafin shekara ta juya, tarar fita kuma ta dawo daram a kan sabon farashi.